Koren Tambarin Kunkuru

"Ɗan matsa baya kaɗan, Malam, so muke allon ya fito."

Kunkuru ya matsa baya. Hannuwansa cike suke da wayoyin mutanen da yake ɗauka hoto, tasa kuwa tana aljihu babu mai nemanta. A gabansa samari da 'yan mata sun yi cincirindo, kowa na ƙoƙarin kafaɗarsa ta taɓa ta Auta, shi kuma Autan yana tsakiya, baki har kunne, rataye da jan katin nan da ake ba waɗanda suka yi jawabi.

"Yawwa, ƙara ɗaya. Ka tsugunna mana ɗan kaɗan."

Ya tsugunna. Gwiwarsa ta yi ƙara, shi kaɗai ya ji. Da suka zo karɓar wayoyinsu babu wanda ya kalli fuskarsa, balle katin da ke ƙirjinsa. Wata yarinya ma cewa ta yi, "Mun gode, Baba," kamar wanda aka samo a bakin titi.

Yau ce ranar ƙarshe ta taron shekara na ƙungiyarsu, ƙungiyar masu gina shafukan intanet da wata buɗaɗɗiyar manhaja wadda ba ta da mai ita. Kowa na iya kawo gyara, wani ya duba gyaran ya sa masa koren tambari in ya gamsu, sannan ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da ke riƙe da makulli ya shigar da shi cikin manhajar, duniya ta ɗauka. Bana ɗaya daga cikin masu makullin ya ajiye aiki, an kuma sanar cewa da yamma, wajen rufe taro, za a faɗi wanda zai gaje shi. Wannan makullin Kunkuru yake so. Ya daɗe yana so, tun gashin kansa bai fara zubewa ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, har matarsa.

Sunan ma a ƙungiyar ya same shi. Ranar da ya yi rajista ya rasa hoton da zai sa, sai ya ɗora na wani kunkuru, sunan ya bi shi. Ya kuwa dace, don in gyaranka ya faɗa hannunsa sai ka tanadi haƙuri. Zai juya shi ta sama, ya juya ta ƙasa, ya dawo maka da tambayoyin da za su sa ka tsani ranar da ka fara koyon kwamfuta. Duk ƙungiyar an san kunkurun, amma ba a san mutumin ba. Shekara da shekaru yana zuwa taro, yana zama a layin baya, yana tafa wa mutanen da shi ya tsince musu kurakurai.

Auta kuwa ƙanin matarsa ne. Lokacin da ya gama makaranta ya rasa abin yi, a falonsu ya tare, daga barci sai kallon ƙwallo, har yayarsa ta gaji ta ce, "Don Allah Baban yara ka koya masa abin nan naka, ko ya tashi daga kan kujerata." A teburin cin abinci ya koya masa, lokacin Auta na buga rubutu da yatsu biyu kamar kaza na tsintar hatsi. Taron farko da Auta ya je, jakar Kunkuru ya riƙe. Yau ga shi ya girma, ya yi gemu, ya iya tsayawa gaban jama'a ya ba su dariya, ga farin jini kamar ya yi wanka da shi. Jiya da ya yi jawabi sai da aka ƙaro kujeru.

Kunkuru bai ƙi yaron ba, wannan kam ko a gaban alƙali zai rantse. Amma duk sanda aka tafa wa Auta sai ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji, kuma ya san sunan abin sarai. Ƙyashi ne, irin mai zafin nan da kake ji game da wanda ka raina da hannunka.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, na ga Auta a bidiyo! Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ashe haka yaron nan ya iya magana?"

"Ya iya."

"Na tura wa su Inna, na tura wa kowa. To kai fa? Na duba hotunan da ya sa kaf, ban gan ka ba."

"Ni nake riƙe da wayar."

Ta fashe da dariya, a zatonta wasa yake. "Ka kula min da shi dai, ka san shi da rawar kai. Kuma ka tabbata ya ci abinci."

Ya ce to, ya kashe, ya ja tsakin da sai da wani mai wucewa ya waiwayo.

Ranar ƙarshe ranar aiki ce, babu jawabai. An jera dogayen tebura a babban ɗaki, wayoyin caji sun harɗe a ƙasa, kowa ya sunkuya kan kwamfutarsa, ƙamshin kofi ya gauraya da zafin na'urori. Kunkuru ya samu kusurwa kusa da soket, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa wadda ba ta da sitika ko ɗaya a bayanta. Bai gama zama ba sai ga Auta ya faɗo kan kujerar gefensa yana haki.

"Mijin Yaya! Tun ɗazu nake nemanka, ashe ka shige ɓawonka."

"Da ka duba bayan wayoyin da ke ɗaukarka hoto, ai da ka gan ni."

"Kai dai ba ka rabo da baƙar magana." Auta ya jawo kujera ya rage murya. "Goggo ce ta kira ni. Gyaran nan nawa na hotuna, wanda zai sa shafi ya riƙa buɗewa da sauri a ƙananan wayoyi, ta ce shi take so ta shigar a kan dandamali yau."

Goggo ita ce babba cikin masu makulli, wata gajeriyar dattijuwa mai furfura da tabarau rataye a wuya. Ba goggon kowa ba ce, amma duk ƙungiyar haka ake kiranta. Al'adar taron ce a ranar rufewa ta zaɓi gyara guda, ta kira mai shi kan dandamali, ta gwada shi a gaban jama'a, sannan ta shigar ana tafi.

"Madalla," in ji Kunkuru, ya yi yaƙe.

"Amma da sharaɗi. Ta ce sai da koren tambarinka. Na ce akwai masu dubawa da yawa, ta ce a'a, na Kunkuru take so, in babu shi a bar maganar."

Kunkuru ya jingina da kujera. Lissafin ya fito masa fili, ko yaro zai gane. Za a hau da Auta dandamali, a shigar da gyaransa, ana cikin tafin a miƙa masa makulli. Shi kuma an nemo shi ne ya zama tsani, ya tsugunna kamar yadda ya tsugunna ɗazu, a taka a hau.

"Turo," ya ce.

"Ka ji mutumina! Amma don Allah yau kaɗai ka aro ƙafar zomo, lokaci ya ƙure." Auta ya daki kafaɗarsa ya tashi, kafin ya kai ƙofa har wasu sun tare shi.

Kunkuru ya buɗe gyaran yana addu'ar ya same shi a hargitse. Bai samu ba. Aikin ya yi kyau, tsaf, har da 'yan bayanai a gefen layuka irin yadda shi ya koya masa, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan. Ya ci gaba da gangarawa a hankali, sai ya tsaya.

Wajen tsakiya akwai layi guda da ke neman hotuna a ma'ajin da sababbin shafuka ke ajiye su. Tsofaffin shafuka kuwa, waɗanda aka gina tun kafin a canza tsari, a wani wuri daban suke ajiye nasu. Auta bai san zamanin ba, lokacin yana falo yana kallon ƙwallo. A sabon shafi gyaran zai tashi kamar tsuntsu. A tsoho, kowane hoto zai ɓace.

Kuma Kunkuru ya san inda Goggo ke gwaji. Ƙungiyar na da wani shafi da ake kira Tsohon Gida, shafin farko da aka taɓa ginawa da manhajar, cike da hotunan tarukan baya. An bar shi da rai don tarihi, kuma duk shekara a kansa take gwada gyaran da za ta shigar.

Gyaran kuskuren bai fi a ƙara layi biyu ba. Hannunsa har ya kai wurin rubuta sharhi, ya fara da kalmomin da ya saba, "Ka gwada a tsohon shafi?" Sai dariyar Auta ta taso daga can ƙarshen ɗakin, wasu muryoyi suka bi ta. Ya ɗaga kai. Goggo ce tsaye kusa da yaron, ta dafa hannunsa tana faɗa masa wani abu.

Ya goge abin da ya rubuta.

Ai ba ƙarya zai yi ba, ya faɗa wa kansa, shiru kawai zai yi. Ba kuma abin da zai lalace, tunda a gwaji zai faɗi, ba zai kai ga shafukan mutane ba. Yaron zai ɗan ji kunya, jama'a su gane cewa iya magana daban, iya aiki daban, Goggo ta sake tunani. Sunan mai dubawa kuwa, wa ke karanta shi? Ɗan ƙaramin rubutu ne a ƙasa. Da ana karantawa ai da ba a ce masa Baba ɗauke mu hoto ba.

Ya danna koren tambarin. Bai taɓa sa shi da sauri haka ba tunda yake.

Auta ya dawo a guje, ya rungume shi ta baya har tabaraunsa ya karkace. "Ko tambaya ɗaya babu? Yau na san na zama mutum! Sai na kira Yaya na faɗa mata."

"Je ka ci abinci," in ji Kunkuru, bai kalle shi ba. "Ta ce in tabbata ka ci."

Shi kam bai iya ci ba. Ya ɗauki burodi da shayi ya zauna a matattakala, ya ajiye su a gefe.

Da yamma zauren ya cika maƙil. Kunkuru ya zauna a layinsa na baya, kusa da ƙofa. Aka yi godiya ga masu shara da masu ɗaukar kujeru, aka tafa, sannan Goggo ta hau da kwamfutarta a hammata, ta kira Auta. Zauren ya ɗauki sowa. Auta ya hau da tsalle, ya yi bayanin gyaransa cikin raha, har ya kwaikwayi yadda mutum ke tsufa yana jiran hoto ya buɗe a ƙaramar waya.

"To," in ji Goggo, ta sa tabarau, "mu leƙa Tsohon Gida."

Shafin ya fito a ƙaton allo, fuskokin mutanen da suka fara ƙungiyar, wasu sun tsufa, wasu sun rasu. Ta ɗora gyaran, ta sabunta shafin.

Hotunan suka ɓace gaba ɗaya. Babu abin da ya rage sai fararen akwatuna jere, kowanne da ɗan alamar karyayyen hoto a kusurwa.

Zauren ya yi tsit, sannan wani ya yi dariya, wasu suka taya shi. Auta ya tsaya da makirfo a hannu, bakinsa a buɗe, yana kallon allon. Kunkuru ya jira daɗin da ya yi zaton zai ji. Ya zo kuwa, ɗan kaɗan, kamar sukari a bakin cokali, kafin ya gama ɗanɗana shi Goggo ta yi magana.

"Ba komai, ɗana, kwantar da hankalinka. Wanda bai taɓa fasa shafi ba a ɗakin nan ya ɗaga hannu." Babu wanda ya ɗaga, aka sake dariya, wasu har suka tafa wa Auta. "Mai rubutu dole ya yi kuskure, shi ya sa ba ma barinsa shi kaɗai. Bari mu gani."

Ta gangara ƙasan shafin gyaran, ta ƙara girman rubutun don na baya su gani. Ga hoton kunkuru nan ya cika rabin allo, ga koren tambari a gefensa. Ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, kamar laifin gilashin ne.

"Kunkuru yana nan?" ta tambaya, muryarta ta sauka. "Ya miƙe mu gan shi."

Shekarun da ya yi yana mafarkin wannan jumlar, Allah kaɗai ya sani. Ya miƙe. Ɗaruruwan kawuna suka juyo, a karon farko ƙungiyar ta haɗa sunan da fuskar. Ya ji wani na raɗa, "Ashe shi ne?" Yarinyar da ta kira shi Baba ta rufe baki da hannu. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Laifina ne, Goggo!" Auta ne, ya matso bakin dandamali. "Ni na matsa masa, na ce ya yi sauri, lokaci ya ƙure. Mutumin nan shi ya koya min komai, a teburin gidansa, kuma tunda nake ban taɓa ganin kuskure ya wuce ta gabansa ba. In akwai wanda za a yi wa dariya ni ne."

Aka tafa, tafi mai ƙarfi, na Auta. Ko a faɗuwa yaron ya fi shi farin jini. Kunkuru ya zauna.

Goggo ta rufe kwamfutarta, ta yi ƙus-ƙus da sauran masu makulli. Ta ce maganar makulli an ɗage ta, masu riƙe da shi za su sake zama, sannan ta sallami taro.

A baranda ta same shi, yana ƙoƙarin sulalewa kafin cunkoso. Sai da ta ɗaga kai kafin ta kalli idonsa.

"Ka san me ya sa na zaɓi gyaran yaron nan?"

"Don ya yi kyau."

"Masu kyau sun fi goma a teburina. Na zaɓe shi ne don in samu dalilin sa sunanka a allo." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Makulli ba na mai iya rubutu ba ne, marubuta muna da su har sun yi yawa. Na mai ido ne, wanda zai iya cewa a'a ko da ɗan'uwansa ne. Shekaru nake karanta sharhinka, har na haddace tambayarka, ka gwada a tsohon shafi? So na yi in nuna wa mutane cewa abin da ya bi ta hannunka ba ya faɗuwa, sannan in kira ka ka hau. Duk mun amince da kai tun kafin mu zo."

Kunkuru ya ce, "Auta fa?"

"Auta?" Ta yi ɗan murmushi. "Ai shi da saura. Ko sunansa bai zo a zancen ba." Ta dube shi kamar tana jiran ya ce wani abu, da bai ce ba ta numfasa. "Gajiya ce wataƙila, kowa na gajiya. Amma yanzu sauran sun ce a dakata, ni kuma ba ni da bakin musa musu. Sai mu ga abin da baɗi za ta kawo."

Ta wuce, takalmanta na roba ba sa ko ƙara.

A tashar bas ɗin da ke gaban zauren Auta ya cim masa. Ya cire jan katin ya cusa a aljihu, idanunsa sun yi ja. Suka zauna a benci, motoci na wucewa, mutanen taro na fitowa rukuni-rukuni da jakunkunansu.

"Ka yafe min, Mijin Yaya. Na ja maka abin kunya a gaban duniya. Da na bar ka ka yi tafiyarka ta kunkuru da ba haka ba."

"Bar maganar."

"Ba zan bari ba. Wallahi har na fi jin naka a kan nawa." Ya zaro kwamfutarsa ya ɗora a cinya, ya buɗe gyaran. "Tun da na sauko nake dubawa, na kasa ganin inda matsalar take. Layukan sun yi yawa, kaina ya ɗau zafi. Mu duba tare kafin bas ta zo, ko za mu dace. Daga sama za mu fara ko?"

Ya fara gangarawa da sauri, layuka na gudu a allon. Kunkuru bai yi shawara da hannunsa ba. Shekarun aiki ne suka miƙa shi, yatsansa ya sauka a kan gilashin daidai lokacin da layin ke wucewa.

"Nan. Tsofaffin shafuka ba a nan suke ajiye hotuna ba."

Auta ya tsayar da shafin. Ya karanta layin, ya gyaɗa kai, har ya fara murmushin wanda aka sauke wa kaya. Sai murmushin ya tsaya a rabi. Ya kalli yatsan da ke kan allon, ya kalli tulin layukan da ke sama da shi da na ƙasa, sannan ya juyo a hankali ya kalli fuskar mijin yayarsa.

"Ko nema ba ka yi ba," ya ce.

Kunkuru ya janye hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Bas ta tsaya a gabansu, ƙofa ta buɗe. Auta ya rufe kwamfutar, ya sa a jaka, ya miƙe ya shiga. Da Kunkuru ya hau, akwai kujera babu kowa a gefen yaron, amma Auta ya ɗora jakarsa a kai, ya juya fuskarsa wajen taga.